Yadda Muka Hau Dutse a Norwe da Farar Jallabiya

Tun ranar da muka dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya gan ni a unguwarmu ta Harra ta Gabas sai ya tare ni: “Malam Haruna, yaya Turai? Da gaske rana ba ta fitowa? Da gaske kun hau dutse?” Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, na ba da shi a ƙofar masallaci da takalmina a hannu, kuma kowane karo sai wani ya katse ni a tsakiya ya tambayi abin da ke ƙarshe. Ni ba na son labari a hargitse. Saboda haka ga shi a rubuce, kowane abu a gurbinsa. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Farko dai, don wanda bai san ni ba. Ni mutumin Gumel ne, direba, shekarata goma sha huɗu ina tuƙa mutum ɗaya a Madina. A garinmu tudun da ya fi kowane tsawo shi ne jujin bayan kasuwa, don haka kada wani ya ɗauka sha'awar hawa dutse ce ta kai ni. Maigidana ne ya kai ni. Ana ce masa Abu Majid, ni ina ce masa Ammi. Ɗan ƙasa ne, amma kakanninsa daga Kano suka tako da ƙafa zuwa aikin hajji suka zauna, kuma ba a yin zaman minti goma da shi bai faɗi haka ba. Yana da gonar dabino a Badar. Ya kusa saba'in. Yana da ciwon sukari, yana da ciwon gwiwa, yana da wani ciwo na uku da asibiti ba ta ba da maganinsa: ba ya jin kalmar “a'a”.

Ɗansa Majid injiniya ne, yana aikin mai a Norwe. Wata rana ya turo hotonsa yana tsaye a bakin wani dutse, ƙasa can nesa ga ruwa shuɗi ya ratsa tsakanin duwatsu. Ammi ya kai hoton majalisarsu ta unguwar Aƙiƙ yana nunawa. Wani tsoho a cikinsu ya duba ya ce, “Ma sha Allah. Wannan wurin na samari ne.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. A ranar Ammi ya ce sai ya je ya hau dutsen nan, kuma da ni za shi. Da zan ga mutumin nan yau da na tambaye shi ko ya san abin da bakinsa ya jawo mini.

Ana saura kwana uku mu tashi Hajiya, matar Ammi, ta kira ni bakin labule. Ta miƙo jakar magani ta ce, “Haruna, ba don tuƙi za ka bi shi ba, can akwai masu tuƙi. Ga ƙwayoyinsa, ga allurarsa. Yadda na ba ka shi yana tafiya da ƙafarsa, haka nake son ka dawo min da shi.” Na ce in sha Allahu. A lokacin na ɗauka aikin bai wuce tuna masa magani safe da yamma ba.

Sai takardu, waɗanda aka fara tun kafin nan. Iƙama, wato takardar izinin zama, bizar fita da dawowa, hoto, zanen yatsu, wasiƙar maigida, wasiƙar Majid, na jera su a fayil ɗaya bisa tsari. A ofishin biza wani saurayi ya tambaye ni wace shaida nake da ita cewa zan dawo. Na dube shi. Wato yana ganin akwai mai hankalin da zai bar Madina ya maƙale a ƙasar da ko sunanta bai iya faɗa ba. Na ce masa matata da 'ya'yana suna Gumel, abincina yana Madina. Ya buga hatimi.

Sai kaya. Nan ne wurin da nake alfahari da kaina, domin duk tafiyar da Ammi ya yi a shekarun nan ni na shirya ta, ko cokali bai taɓa ɓata ba. Na rubuta jerin abin da mai hawa dutse yake bukata kamar yadda na sani a Uhudu da Jabalun Nur: laima saboda rana, silifas masu sauƙi, jallabiya fara mara nauyi, turare, dabinon ajwa. Na ƙara da kilishin da wani alhaji ya kawo mini daga gida. Watan Oktoba ne, a Madina har lokacin na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Ban tambayi kowa yadda Oktoba take a can ba. Na ɗauka wata ɗaya ne, rana ɗaya ce.

Jirgi uku muka shiga. Na farko da na biyu ba su da labari, sai dai Ammi ya ba wa Baturen da ke kusa da shi tarihin kakanninsa da Larabci har muka sauka, mutumin yana ta gyaɗa kai. A filin jirgin babban birninsu ne aka fara. Mun wuce mai duba fasfo lafiya, fayil ɗina ya yi aikinsa. Muna jan jakunkuna sai ga kare sanye da riga, wata ma'aikaciya tana riƙe da shi. Ya wuce mutum ashirin bai kula su ba, ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Aka buɗe. Matar ta ɗaga kilishin da yatsu biyu, ta tambayi mene ne. Na ce nama ne. Ta ce nama ba ya shiga. Na ce ai ya bushe. Ta ce ko ya bushe. Ta jefa shi a kwando da murmushi, har da yi mini barka da zuwa. Karen dai ya bi kwandon da ido, na ga alamar shi kaɗai ne a ƙasar ya san darajar abin da aka zubar.

Jirgi na uku ya sauke mu a wani gari na bakin teku, Majid yana jira. Ya rungume mahaifinsa, ya dubi silifas ɗinmu. Ƙofar filin jirgin na buɗewa iska ta shigo ta ƙasan jallabiyata ta fita ta wuya. Ammi ya ce, “Iska mai daɗi.” Haƙoransa suna haɗuwa yana faɗa.

Gidan Majid na katako ne, shi kaɗai a ciki. Kwana huɗun farko muka yi su muna kallon ikon Allah. Unguwa guda babu motsi. Maƙwabci zai fito ku haɗa ido ya sunkuyar da kai kamar ka kama shi yana sata. Ammi ya ɗauki kwalin ajwa ya ƙwanƙwasa ƙofar na kusa da mu, mutumin ya karɓa yana tambayar Majid ko wani abu ne ya faru. Babu kiran salla, waya ce ladaninmu. Na ga da idona an ajiye jarirai a keke a waje cikin sanyin nan suna barci, iyayen suna ciki suna shan gahawa. A Harra da an yi haka da mata sun cika titi kafin a kai ga 'yan sanda.

Abinci kuwa, burodi mai sanyi da safe, burodi mai sanyi da rana. Suna da wani cuku ruwan ƙasa mai zaƙi, ka rasa ko alewa ce ko sabulu. Kifi sai ka ce gaba suke yi da wuta. A rana ta biyu na karɓi kicin na dafa shinkafa, aka zauna lafiya. Abu biyu ne suka burge ni, kuma ba na hana mutum haƙƙinsa: motar haya tana zuwa a minti ɗin da aka rubuta, sannan shara kwando huɗu ce, kowace iri da nata. Mutanen da suka tsara shara haka ba a raina su gaba ɗaya.

Ruwan da ke cikin hoton kuwa suna ce masa fiyod. Teku ne ya kutso cikin ƙasa ta tsakanin duwatsu, dogo, siriri, mai zurfi. Dutsen kuma sunansa ya fi ƙarfin bakina, ban ma gwada ba.

A rana ta huɗu Majid ya zaunar da mu. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, kamar sauran yaran da aka haifa a Madina. Ya zube kaya a tsakar ɗaki: takalma masu kauri har idon sawu, riguna na ulu, rigunan ruwa, safar hannu. Na ɗauko littafina na rubuta abin da ya faɗa bi da bi, ga shi kamar yadda yake a shafin.

Lokacin hawa na sauƙi ya wuce tun ƙarshen zafi. Yanzu rana gajeriya ce, sama kuma akwai ƙanƙara ko da ƙasa babu. A tashi da sassafe, domin zuwa da dawowa awa huɗu ne ga mai ƙarfi. A duba hasashen yanayi kafin a fita. Kada a sa auduga, idan ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. A ɗauki abin sha mai zafi, da abinci, da tocila. A bi jan fentin da ke jikin duwatsu. A gaya wa wani inda za a je. Na ƙarshe, ya maimaita shi sau biyu yana kallon mahaifinsa: idan hazo ya sauko ko jiki ya ƙi, a juya. Ya ce a nan ba a jin kunyar juyawa.

Ammi ya ce, “Su ba sa jin kunyar komai ai. Ka ga irin wandon da suke gudu da shi?”

“Yaba, ranar Asabar zan kai ka da kaina. Ka jira ni.”

“Ni da na hau Jabalun Nur da azumi a bakina, kana cikin zani.”

Washegari aka kira Majid wurin aiki a cikin teku, kwana uku. Ya bar mini makullin mota don cefane. Tun yana ɗaure takalmi na ga idon Ammi a kan makullin.

Ranar Alhamis gari ya waye da rana, karon farko tun zuwanmu. Ammi ya karya, ya sha magani, ya koma ya kwanta. Wajen sha biyu ya fito cikin farar jallabiyarsa mai guga, da jan shimag, ƙyallen nan na Larabawa, a kai, yana ƙanshin turare. Ya ce, “Yalla, ya Haruna. Mu yi azahar da la'asar a haɗe mu tafi.”

Na ce, “Ammi, Majid ya ce da sassafe ake tashi.”

“Wane mahaukaci ne yake hawa dutse rana na dukansa? Sai ta yi sanyi.”

Rana ta yi sanyi. A ƙasar da ranar tsakar rana ba ta iya busar da hankici. Amma gaskiya ita ce ni ma maganar ta zauna mini, domin shekara goma sha huɗu ban taɓa kai shi Uhudu ba sai bayan la'asar. Na ce to ko zai sa rigar ulun. Ya ce hoton da za a kai Aƙiƙ ba za a gan shi a ciki kamar mai gadin ma'aikata ba. Na ce bari in kira Majid. Ya ce idan na taɓa waya in fara neman wani kafilin, wato wani maigidan. Abu uku na iya: na ɓoye silifas ɗinsa a kwandon sharar takarda har ya haƙura ya sa takalmin, na cusa rigar ulu da ta ruwa a jakata, na tura wa Majid saƙo daga banɗaki. Sannan na buɗe firiza na ɗauko gorunan ruwa huɗu da na daskarar tun jiya, kamar yadda nake yi kullum idan za mu Badar. Filas ɗin shayi na bar shi a kan tebur. Na rubuta “abin sha mai zafi” da hannuna, amma hannun nan dai ya saba da nasa.

Hanya ta ci awa ɗaya da wani abu. Mun shiga jirgin fito da motarmu, mun bi ta cikin ramin da aka fasa a dutse. Ƙarfe biyu da rabi muka tsaya a gindin dutsen. Filin ajiye motoci ya kusa zama fayau, kuma duk wanda muka gani saukowa yake yi. Ammi ya ce, “Ka gani? Babu cunkoso.”

Abin mamaki, mutanen da ba sa gaisuwa a unguwa, a kan dutse kowa sai ya gaishe ka. Sai dai gaisuwar tasu tana ƙarewa da kallon jallabiya. Mun yi kamar minti arba'in muna hawa matakalar duwatsu cikin itatuwa sai muka haɗu da wata tsohuwa tana saukowa, sanda biyu a hannu, jaka a baya, gashinta fari fat. Ta girmi Ammi, ko a kotu zan faɗa. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta yi mana magana. Turancina na firamare ne, amma ta haɗa da hannu: ta nuna agogo, ta nuna yamma inda wani farin abu yake taruwa a kan ruwa, ta kama gefen jallabiyar Ammi ta murza ta girgiza kai.

“Me take cewa?”

“Ta ce sama akwai santsi, hazo yana tafe, duhu zai same mu. Ta ce mu dawo gobe da safe.”

“Ita daga ina take?”

“Daga saman, Ammi.”

Nan na yi kuskuren da ya fi na ƙanƙara. Da na ce masa a rabin hanya ta juyo, da wataƙila mun bi ta mun sauka. Amma na gaya wa jikan masu tafiyar ƙafa daga Kano cewa tsohuwa ta kai inda bai kai ba, kuma ita ce take ce masa ya koma. Ya gyara shimag. Ya ce, “Ka ce mata mun gode. Ka ce mata ta je ta huta.” Na ce mata mun gode. Ta tambayi launin motarmu, na faɗa. Ta cire wata ƙaramar fitila mai igiya daga jakarta ta sa mini a hannu, ta wuce tana magana ita kaɗai. Ban ji yaren ba, amma na san abin da ake faɗa da irin wannan muryar.

Daga nan itatuwa suka ƙare, sai dutse tsirara. Muka ratsa wani wuri mai laka, gefen jallabiyar ya sha ruwa har gwiwa ya manne a ƙafafunsa. Yayyafi ya fara. Na buɗe laima, iska ta juya ta ta koma kamar kwando, na naɗe abata. Ammi ya nemi ruwa. Na ciro gora, tana nan yadda na ɗauko ta, dutse a cikin roba. Na ciro ta biyu, haka. Ya dube ni, na dubi gorar. A hanyar Badar kafin mu wuce shingen farko ta narke rabi. Na sa ta a hammata muka ci gaba.

Sai na lura da tsayuwarsa. Kowane taku ashirin sai ya tsaya ya ce, “Subhanallah, dubi halitta,” alhali babu abin da ake gani sai fari. Hazon ya iso. Jan fenti ɗaya kake gani, na gaba sai ka nema. A wasu wuraren dutsen yana ƙyalli, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ba da izininka ba. Leɓensa ya canja launi.  Na ba shi dabino uku ya ci bai yi musu ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin Ammi ba ya karɓar abu bai yi musu ba. Na fito da rigar ulu, ya ce in mayar, mun kusa.

Na ce, “Ammi, hazo ya yi yawa. Hoton ma ba zai fito ba.”

“Zai washe. Kai ka gaji ne?”

“A'a.”

Muka ƙara gaba. Na ce, “Ƙarfe huɗu da rabi ta wuce.”

“Na ga agogo. Ka gaji ne, ya Haruna?”

“Ban gaji ba, Ammi.”

Ni kuwa gaskiya na faɗa. Ban taɓa ce wa mutumin nan na gaji ba, ko ranar da na tuƙa shi Makka muka juyo a ranar. Abin da nake taƙama da shi ke nan a cikin direbobi. Kuma a tarbiyyar da aka yi mini, yaro ba ya duban babba ya ce masa ƙarfinka ya ƙare. Shi ba zai faɗa ba, ni ba zan faɗa masa ba. Haka muka riƙa hawa, mutum biyu masu hankali, kowa yana jiran ɗan'uwansa.

Wani wuri hanyar ta matse, dama dutse, hagu babu komai sai fari, ana jin ruwa can ƙasa. Ƙafarsa ta zame, ya dafe dutse da hannu biyu. Ya daɗe a haka yana numfashi. Bai juyo ba ya ce, a hankali, “Haruna. Ka tabbata ba ka gaji ba?”

Sai a karo na ukun na ji tambayar. Karatuna bai yi nisa ba, amma ban kai haka daƙiƙanci ba. Ban san me ya toshe mini kai ba tun farko. Na tuna Hajiya a bakin labule. Na dubi wuri mai ɗan faɗi, na zauna daɓas a cikin ruwa, na kama ƙafa na yi ƙara.

“Wayyo, Ammi! Ƙafata! Jijiya ta ɗaure. Wallahi ba zan iya ƙara taku ɗaya sama ba.”

Na yi rantsuwar, kuma na yi kaffararta bayan mun dawo, kada wani malami ya tare ni.

Ammi ya juyo. Ban taɓa ganin fuska ta huce da sauri haka ba. Muryarsa ta dawo gaba ɗaya. “La haula! Ƙato da kai! Saura kaɗan mu kai ka zauna kana kuka kamar mai naƙuda? Ni da na haife ka ina tsaye!” Ya yi faɗa sosai, na sunkuyar da kai ina ba shi haƙuri. Ya ce kalas, shi ke nan, ba zai bar ni in mutu a ƙasar mutane ba, me zai gaya wa iyalina. Na ce tunda za mu daɗe a hanya saboda ni, ya taimaka ya sa rigar ulun, nauyinta yana ƙara mini ciwo. Ya sa, har da ta ruwan, don ya rage mini kaya.

Na ce, “Ammi, ka riƙe ni.”

Ya sa hannu a kafaɗata ya riƙe ni. Wato ya sauke mini nauyinsa duka, ni kuma ina ɗingishi a ƙarƙashinsa, jaka a baya, fitilar tsohuwa a goshi, ina neman jan fenti. Duk inda gwiwarsa ta ƙi sai in ce ƙafata ta motsa, mu zauna. Ya riƙa ba ni ƙarfin gwiwa: “Daure, ya Haruna. Namiji ne kai.” Gorar da ke hammata ta ba da kurɓi uku, ya sha. Magariba ta same mu a cikin itatuwa. Saukowar da aka ce awa ɗaya da rabi ce muka yi ta a kusan uku.

A filin motoci saura biyu, tamu da wata. Tsohuwar ce a ciki. Ta fito da filas, ta zuba wani jan abin sha mai zafi ta miƙa wa Ammi kafin ni. Ya ce in gaya mata direbansa ne ya samu matsala. Na gaya mata. Ta dubi ƙafata, ta dubi leɓensa, ta ƙara masa kofi na biyu. Ta ce da mun ƙara rabin awa da ta kira masu ceto. Na mayar mata da fitilarta. Ammi ya sa na ba ta sauran ajwar duka, ta karɓa ba ta tambayi ko wani abu ya faru ba.

Saƙona bai isa ga Majid ba sai da yamma. Abin da ya faɗa a waya ba zan rubuta ba, sai dai ranar na gane ashe ya iya Hausa da baki. Ranar Asabar ƙanƙara ta rufe saman, ya ce babu mai zuwa ko'ina. Ammi ya yi kwana biyu a bargo yana cewa yana jinyata. Hoton da muka dawo da shi a bakin ruwa aka ɗauka, a ƙasa, dutsen yana bayansa.

Na miƙa wa Hajiya mijinta a bakin labule yana tafiya da ƙafarsa. Ta ce, “Sannu, Haruna. An ce kai ne ka sha wuya.” Na ce ƙaddara ce.

Ammi ba ya karanta Hausar boko, 'yan majalisarsa kuma ba sa zuwa Harra shan shayi, don haka abin da ke takardar nan ya tsaya a tsakaninmu. A Aƙiƙ labarin daban ne. Ina zuba musu gahawa ina ji: saura taku hamsin a kai ƙoli, direba ya faɗi yana kuka, Abu Majid ya ɗauko shi a kafaɗa cikin ƙanƙara har ƙasa. A zama na biyu takun ya koma ashirin. Tsohon nan da ya ce wurin na samari ne ya dube ni ya ce, “Yaran yanzu ba su da ƙashi.” Shekarata hamsin da ɗaya. Na ce masa haka ne, na ƙara masa gahawa.

Bayan mako guda muka kama hanyar Badar, mu biyu. Mun yi nisa, sai ya ce daga baya, “Ya Haruna, ƙafar ta warke?”

“Ta warke, Ammi.”

“Wacce ce ma?”

“Ta dama.”

Ya ja carbi kamar sau biyar. “A sama ta hagu ka kama. Da muka shigo itatuwa ka koma ta dama.”

Na riƙe sitiyari ina kallon titi.

“Idan Hajiya ta tambaye ka, ta hagu ce. Haka na gaya mata.”

Na ce, “To, Ammi. Ta hagu ce.”